Muryar da Ba a Ajiye Ba

A tashar Birnin Gwari ana jiran motar Kaduna ta cika, Nu'uman na rungume da kwamfutarsa ta tebur. Wani dattijo ya matso kusa.

"Samari, talabijin ce?"

"Kwamfuta ce, Baba, manhaja nake rubutawa. Na zuba mata kayan aiki, har da mai dawo da abin da ya goge."

"Har murya?"

"Har murya."

"Ɗana Sadisu ya turo min saƙon murya kafin 'yan bindiga su kashe shi. Wayata ma sun ƙwace."

Nu'uman ya ce, "Sai wayar na hannu, Baba, ko kuma an ajiye kwafi."

"Kwafi kuma? Ba wanda ya gaya min." Dattijon ya gyara hularsa. "To, Allah ya sauke mu lafiya."