Wasiƙu Bakwai a Kan Daddawar Inna Ta-Sallah

Jar akuyar mahaifiyata ce ta kai ni Riruwai. Ita aka sayar a kasuwar Dangora aka yi mini kuɗin mota, aka haɗa mini da ƙullin ƙuli-ƙuli. Ku matso kusa, jikokina, kuma mai son yin dariya ya jira in kai aya, domin wannan ba tatsuniya ba ce, ƙara ce. An yi mini laifi, har yau ba a ba ni haƙuri ba, ku nake so ku zama shaidu.

A shekarun hamsin ne, kafin mulkin kai. Na gama elemantare a Bebeji, aka gama girbi, samari suka ɗunguma ci-rani wurin haƙar kuza, na bi su. Dukiyata uku ce: farar riga guda, alƙalami da tawadarsa, sai littafin rubutu mai ganye arba'in da malaminmu ya ba ni saboda kyan hannuna. Ku riƙe littafin nan a ranku. Mota ta sauke mu a Tudun Wada, sauran tafiyar ƙafa ce ta yi ta.

Riruwai a lokacin cike take da baƙi, kowa da harshensa, kuma an lalata sunan komai. Shugaban lebura wai helma. Mai rubuta sunayen waɗanda suka zo aiki wai tankifa. In ka ce "mai lura da lokaci" sai a dube ka kamar ka yi saɓo. Aikina ɗaukar ƙasa a kwano, daga rami zuwa wurin wanki, ni da na zo na ɗaya a lissafi. Shi kuwa tankifa yana ƙarƙashin inuwa, fensir a bayan kunne. Da na ji ya tsufa, zai koma garinsu ƙarshen rani, sai na sa wa kujerarsa ido. Aka ce sharaɗi biyu ne: kyan rubutu, da zuwa gaban manaja tsaf. Rubutu ina da shi. Tsabta kuwa, farar rigata na nan.

Na kama haya a gidan wani dattijo, Baba Mati. Ɗakuna shida a jere, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ɗakin da ke jikin nawa na wata mata ne, Inna Ta-Sallah, da 'yarta Kande, sana'arsu daddawa. Ku yanzu a miya kawai kuke ganin daddawa, ba ku san abin da ake sha kafin ta isa tukunya ba. A dafa kalwa yini guda, a daka, a wanke, a rufe ta kwana uku ta ruɓa, sannan a shanya. Ruwan wankin nan, in ya taɓa ƙasa, kaza ma sai ta sake hanya. To, a ƙofar ɗakina yake kwana.

Na fara da ladabi, kamar yadda aka koya mini.

"Inna, barka da aiki."

"Barka kadai, ɗan boko."

"Ruwan nan da ke taruwa a ƙofata fa?"

"Gangare ne ya kai shi. Ka yi magana da gangare."

Ban yi magana da gangare ba. Na yage ganye biyu daga littafina, na rubuta wa mai gida takardar koke, da kwanan wata a sama da sa hannu a ƙasa. Baba Mati ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga ta a rana, ya shafa ta, ya ce, "Kai, takarda mai kyau." Na ɗauka hujjojina yake yabo.

Abin mamaki, sai gida ya gyaru. Kwana huɗu ƙofata a bushe. Rana ta biyar ruwa ya dawo, har da ƙari: aka jingina turmi da bangona, ana daka tun sassafe, ƙasar bango na zubowa cikin kokona. Na rubuta ta biyu, shafi huɗu. Aka sake samun lafiya kwana huɗu. Sai aka shimfiɗa tabarmar shanya daidai ƙarƙashin tagata, ƙudaje suka mai da ɗakina zaure. Na rubuta ta uku. A matsayina na mai lissafi, na yanke hukunci cewa wasiƙa magani ce mai aikin kwana huɗu, sai a sake sha.

Duk sanda na nufi Baba Mati da takarda a hannu, Kande za ta ɗago daga kan turmi ta ce, "Malam, ta yau shafi nawa ce?"

"Biyar," in ce, ina ɗaure fuska.

"Kai! Allah ya ƙara basira."

Ni a zatona tsoro ne ya kama ta.

Bayan ta biyar na tsare mai gida a zaure.

"Baba, ka karanta kuwa?"

"Na duba ta ciki da baya."

"To me aka yanke?"

"Ana shawara, ɗana. In da ƙari, ka ƙaro."

Kai, Sagiru, rufe bakinka, ban zo wurin ba tukuna.

Ana nan sai babban akawun kamfani, wani mutumin Lakwaja mai gajeren wando da doguwar safa, ya aiko cewa ranar Asabar za a yi mini abin da ya kira "intabiyu". Wato ganawa, amma in an ce ganawa safar ba za ta yi kwarjini ba. Ranar Talata na wanke farar rigata na shanya, na tafi rami. Na dawo, igiya wayam. Na tambayi kowa a gidan, kowa ya ce bai gani ba. Sai ranar Juma'a, Inna ta buɗe kwandon kalwar da ta rufe, ina tsaye, na ga abin da aka lulluɓe shi da shi. Rigata ce. Kwana uku tana kan kalwa, tana shan gumin ruɓa.

"Wayyo," in ji Kande, "na zata tsumma ce."

Tsumma! Rigar da aka yi mata aiki a wuya! Na zauna na rubuta ta bakwai, shafi tara, da ita littafina ya ƙare. Na wanke rigar sau uku da sabulun soda. Kowane wanki sai ya tashi warin kamar an yi masa kirari.

Asabar na tafi ofis, ƙudaje na yi mini rakiya. Karen manaja ne kaɗai ya yi murna da zuwana, ya bi ni har gaban tebur yana kaɗa wutsiya. Manaja, wani Bature mai jar fuska, ya cire lofe daga baki, ya sa hankici a hanci, ya faɗi kalma biyu. Akawu ya fassara: "Ya ce ka fita waje, za a yi ta taga."

Ta taga aka miƙo mini takarda in rubuta sunana. Akawu na ganin rubutun sai ya doki tebur.

"Kai ne! Wallahi kai ne!"

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da guntayen takardu, duk maiƙo, an haɗa su da allura. Ya gyara murya ya karanta: "Wannan wari ya shiga kokona, ya shiga hulata, ya bi ni har cikin rami, inda lebura arba'in suka shaida shi." Maganata ce, ba a rage ko waƙafi ba.

"A ina ka samu?" na ce.

"A kasuwa mana. Da ita ake ƙunshe daddawa. Kowace takarda a raba ta huɗu, sai ka sayi ƙulli huɗu kafin ka san inda zance ya nufa. Duk wanda ya iya karatu a garin nan ba ya sayen ta kowa sai ta mai wasiƙa. Gidana daddawa ta kai ta shekara. Don Allah, ƙarshen ta biyar ya wuce ni, yaya ka ƙare da maganar ƙudajen nan?"

Ya fassara wa manaja. Bature ya yi dariya har lofe ya faɗi, sannan ya yanke hukunci: mutumin da ya rubuta bakwai a kan ruwan kalwa zai rubuta saba'in a kan kamfani. Aka ba wani kujerar, wanda rubutunsa kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Akawu dai ya ji tausayina, ya ba ni 'yar takarda zuwa ga wani abokinsa mai neman waɗanda za a koya wa aikin malanta. Ya ce, "Mai son gyara mutane irinka, yara ya kamata a ba shi."

Na koma gida na tara su uku a tsakar gida.

"Baba, ashe ba ka karantawa?"

"Ni ban iya boko ba, ɗana. Ka taɓa tambayata? Kana miƙowa, ina miƙa wa Inna, tana ba ni ta miya."

"Inna, ke fa?"

"Rani ne, ganyen ƙunshi ya bushe, takarda kuwa a garin nan sai ofis. Allah ya kawo mana kai."

Sai Kande ta ce, ko kunya babu, "In takarda ta ƙare sai in zuba ruwa. Kwana huɗu take kai mu."

"Rigar fa?"

"Babbar kasuwa ce ke tafe, Malam. Ruwa shafi huɗu yake kawowa. Muna neman tara."

Haka na komo Dangora da farkon damina, ba kujera, ba littafi, riga ba ta sawuwa. Inna ta yi mini guzurin daddawa ƙulli guda, a ƙunshe da shafin ƙarshe na wasiƙa ta bakwai, daidai inda na sa hannu. Mahaifiyata ta ce tun ina bayan gari ta san na iso. Ta kaɗa miyar kuka da ita, ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa. Ba ta tambaye ni labarin akuyarta ba. Cewa ta yi, "Wadda ta yi wannan, tana da 'ya?"

Ku daina waiwayen ƙofar ɗakin girki. I, ita ce, Kande. Kakarku, wadda kuke ce wa Hajiya Iya. Da aka je tambaya, ta ce ta yarda, in dai zan ci gaba da rubutu.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, daga Kiru har Doguwa, kuma ban taɓa kawo takardun jarrabawar yara gida ba sai a cikin akwati mai kwaɗo. Na yafe kujerar tankifa, Allah ya ba ni wadda ta fi ta. Na yafe rigar. Baba Mati da Inna sun riga mu, Allah ya jiƙansu, na yafe musu. Amma wasiƙa bakwai ba amsa, wannan rashin tsari ne, kuma mai laifin tana raye, tana cin abinci da ni. Abin da nake nema kaɗan ne: ta tsaya a gabanku ta ce, "Malam, na yi kuskure," ta saya mini littafi mai ganye arba'in.

Ga shi na rubuta, wasiƙa ta takwas, wannan da ke hannuna. Ban bi ta hannun kowa ba. Jiya da hantsi na zaunar da ita na karanta mata da bakina, tun daga kwanan wata har sa hannu. Ta saurara tsaf, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya, har na ga kamar idonta ya kawo ruwa. Da na gama, ta dubi takardar, ta dubi farantin ƙosan da ta soya muku, ta ce:

"Malam, ta yau shafi nawa ce?"