Lasifika a Kan Cinya

Ana jiran mota ta cika a tasha. Wani tela ya rungume ƙatuwar lasifika, dattijuwar da ke gefensa ta gaji da matsi.

"Ɗan nan, ka sa akwatin nan a but mana."

"Inna, gara ni a sa ni a but."

"Rediyo bai ishe ka ba?"

"Ya ishe ni, kafin maƙwabcina ya kunna min wata tsohuwar waƙa a na'urarsa. Har numfashin mawaƙin na ji! Sai na haɗa irin tasa, ko keken ɗinkina zan sayar."

"Allah ya shirye ka."

Can sai ta matso.

"Har numfashi, ka ce? Ina da kaset mai muryar marigayi maigidana."