An Kori Zinaru, Yaranta Na Hannuna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara mai dakau daga Illela.

Da aka ce baƙi su bar ƙasa, an tsallakar da abokiyar aikina Zinaru, alhali a nan ta girma. Tana bakin turmi aka tafi da ita, yaranta biyu suka rage hannuna, ga iyaka a rufe. Mu matan unguwa muka taru muka je roƙo wurin hukuma, aka ce, "Me ya kawo mata nan? Ku koma gida." Wata malamar jami'a ta zo da rakoda ta ɗauki kukanmu, har yau shiru.

Jama'a, ina kuma za mu je? Zinaru, in kina saurare, yaranki na nan da rai, amma ƙaramin ya daina tambayarki.