Dorinar Binuwai Ta Buga Ƙasa

Hamadu: Alo? Alo, Adda Fadi? Salamu alaikum.

Fadimatu: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Hamadu: Ni ne mana, Hamadu.

Fadimatu: Wane Hamadun?

Hamadu: Hamadu nawa Inna ta haifa? Ƙaninki, daga Garwa.

Fadimatu: Ikon Allah! Ashe kana da lambata. Jam na?

Hamadu: Jam tan, Adda. Ina wuni? Ina gajiya?

Fadimatu: Ba gajiya. Ya gida? Ya Zainabu da yara?

Hamadu: Duk lafiya, suna gaishe ki. Ya maigidan? Ya ƙafar tasa?

Fadimatu: Da sauƙi, har ya koma kasuwar fata. Ya shago?

Hamadu: Alhamdu lillahi. Ya Maruwa? An yi ruwa?

Fadimatu: An yi, mayo, kogin namu, ya kawo har yara na wanka a ƙarƙashin gada. Ku fa?

Hamadu: Mu sai zafi. Ya... ya maigidan?

Fadimatu: Ka riga ka tambaya. Hamadu, me ya sami muryarka? Kamar ta kwaɗon da aka taka.

Hamadu: Rezo ne, layin waya ne ba kyau.

Fadimatu: Rezo ba ya shaƙe mutum. Mura ce?

Hamadu: Ɗan maƙogwaro ne. An ɗan matsa shi.

Fadimatu: An matsa shi? Wa ya matsa? Kai dai da wannan wasan naka! Mutum da furfura a gemu, da shagon atamfa a babbar kasuwa, amma sai ya sa jan wando mai ƙyalli ya hau dandamali, ana ihu wai Dorinar Binuwai. Ba kai ka rantse mini ba a jin ciwo a kac ɗin nan, kokawar taku ta Turawa, ba? Ka ce tun a ɗaki kuke shirya wanda zai faɗi.

Hamadu: Ai wannan ba kac ba ne.

Fadimatu: Ba ka ci ba?

Hamadu: Na ce ba kac ba ne! Amma... to, shi ma haka ne, ban ci ba.

Fadimatu: To mene ne?

Hamadu: Em-em-a.

Fadimatu: Emma? Wace Emma? Innalillahi, mace ce ta shaƙe ka?

Hamadu: Adda, ki saurara! Em, em, a. Wani faɗa ne na zamani. Dambe da kokawa da shuri duk a haɗe, kuma na gaske, ba shiri. A cikin keji ake yi.

Fadimatu: Keji irin na kaji?

Hamadu: Babba, na waya. Ana rufe ƙofa.

Fadimatu: Madalla. Daga dorina an koma zakara. Da wa aka rufe ka?

Hamadu: Kin tuna Théodore mai dawa, wanda rumfarsa ke jikin ta marigayi Baba?

Fadimatu: Mutumin kan dutse? Wanda Hausarsa ta fi tawa? Na tuna shi sarai.

Hamadu: To, ɗansa, Rostand. Ya je Duwala ya koyo abin, ya dawo ya buɗe wurin horo a unguwar Yelwa.

Fadimatu: Rostand mai majina? Wanda nake ba wa ƙosai?

Hamadu: Majinar ta daɗe da bushewa, Adda. Yanzu wuyansa ya kai cinyata.

Fadimatu: Me ya haɗa ka da ɗan mutane?

Hamadu: Gardama ce a wurin mai shayi. Samari suna kallon faɗan a waya, wani ya ce 'yan kac duk 'yan wasan kwaikwayo ne, ɗan em-em-a ɗaya zai share goma. Ni ina shan shayina abina. Sai Nasrullahi ya miƙe...

Fadimatu: Na san da Nasrullahi a ciki! Abokin nan naka ko sauro bai taɓa kashewa ba, amma bakinsa ya isa ya haɗa gari biyu yaƙi.

Hamadu: Ya miƙe ya ce Dorina zai naɗe Rostand kamar turmin atamfa. Kowa ya juyo yana kallona. Me zan ce?

Fadimatu: Ka ce shayinka zai huce.

Hamadu: Ranar faɗan, unguwarmu Hausare gaba ɗaya ta zo, Adda. Har da masu ganga. Kuma wallahi da farko ni ke sama. Ya kawo shuri, na cafke ƙafar, na sunkuce shi, na ɗaga shi har bisa kaina. Ki tambayi kowa! Wurin ya kaure da... alo? Kina ji?

Fadimatu: Ina ji, yana bisa kanka. Sai ka maka shi da ƙasa.

Hamadu: Sai na ajiye shi.

Fadimatu: Ka me?

Hamadu: Na ajiye shi. Hannuna ne ya yi da kansa. Shekara da shekaru abin da na koya ke nan: in za ka jefa mutum, ka tallafe masa ƙeya, ka sauke shi a kan faɗin baya, ƙara ta cika wuri amma ya tashi ya koma gida wurin iyalinsa. Kafin in tuna ba abokin wasa ba ne, har na kwantar da shi kamar jariri.

Fadimatu: Ba ka rufa masa zane ba?

Hamadu: Adda!

Fadimatu: Ci gaba, ci gaba.

Hamadu: Daga nan na juya na ɗaga wa jama'a hannu.

Fadimatu: Ka juya masa baya?

Hamadu: Haka ake yi! In ka kayar da mutum yakan kwanta yana murƙususu, ya ba ka lokaci ka zagaya ka gaisa da mutanenka. Ladabin sana'a ke nan.

Fadimatu: Shi kuma ba a koya masa ladabi a Duwala ba.

Hamadu: Sai ji na yi an ɗale mini baya, ƙafafu sun naɗe cikina, hannu ya zagaye wuyana. Muka zube tare. To, a nan ne na buga ƙasa da tafi.

Fadimatu: Ka buga ƙasa. Sai me?

Hamadu: Ai nan matsalar take. A kac, in an maƙure ka, ka fara buga ƙasa, kiran jama'a kake yi. Su ɗauka da tafi, masu ganga su shigo, kai kuma ka dinga miƙewa a hankali kana karkarwa, ka watsar da shi. Duk Garwa ta san Dorina da wannan. A em-em-a kuwa, buga ƙasa na nufin na sallama, a sake ni. Arbitir, alƙalin wasan, ya tsayar da faɗa, ya ɗaga hannun Rostand.

Fadimatu: Tsaya in yi dariyata... wayyo cikina! Wato kai kana kiran makaɗa, su suna rufe taro!

Hamadu: Hausare ta ce an cuce ni. Har takalma aka jefa wa arbitir.

Fadimatu: To, ai ka fita da mutuncinka. An ci ka, kuma ba a ci ka ba. Ka sha zuma da lemun tsami, ka koma auna yadi.

Hamadu: Sun sa ramuwa ranar Asabar.

Fadimatu: Ramuwar me?

Hamadu: Za a sake. Kuma Nasrullahi ya kawo sabuwar doka, kowa ya yi na'am. Wai don kada a sake cuta ta, wannan karon buga ƙasa ba ya tsayar da faɗa.

Fadimatu: To me zai tsayar?

Hamadu: Sai wani ya daina motsi.

Fadimatu: Maimaita, rezo ya yanke.

Hamadu: Bai yanke ba, Adda. Kin ji daidai.

Fadimatu: Hamadu. Zan tambaye ka abu ɗaya, kada ka yi mini kac. Da ka buga ƙasar nan, makaɗa kake kira?

Hamadu: Rezo, Adda... ba na ji sosai...

Fadimatu: Alo? Na san kana nan, ina jin kwaɗon yana numfashi.

Hamadu: Tun kafin a rufe ƙofa arbitir ya yi mana bayani, da Faransanci, ya sake da Fulatanci. Na san ma'anarta sarai. Adda, fitilu ne suka fara dushewa. Ina ganin bakunan mutane a buɗe amma ba na jin ihun. Rostand yana raɗa mini a kunne, "Tonton, useko, don Allah buga, buga." Ni kuwa ba abin da ya zo mini sai 'yar autata tana jira in kawo mata gasasshen kifi daga bakin gada. Na ji tsoro. Tun da nake ban taɓa jin irinsa ba. Da na farfaɗo na ji Nasrullahi yana ihu wai jama'a nake kira, sai na gyaɗa kai.

Fadimatu: Allah sarki, ɗan Inna. Allah ya yi wa yaron nan albarka da ya sake ka.

Hamadu: Ba wanda ya sani sai ke. Sai shi Rostand.

Fadimatu: To shi ya ƙi mana! Ya ce ba ya yi.

Hamadu: Na same shi a ɓoye. Shi ma ba ya so, har idonsa ya kawo ruwa. Amma in ya janye za a ce wancan karon ma sata ya yi, ɗalibansa su watse. Na ce to mu shirya, in koya masa faɗuwa. Muka gwada a bayan shago. Adda, yaron nan bai iya faɗuwa ba! Yana zubewa kamar buhun dawar ubansa, makaho ma zai gane. Kin ga, su bugu kawai suka iya. Faɗuwa ilimi ce.

Fadimatu: Ka ga malamin faɗuwa. To kai ka fito ka faɗi gaskiya.

Hamadu: In ce wa Hausare Dorina ta tsorata? Yaran unguwa da ke bin babur ɗina suna kiran sunana? Ɗana a makaranta da sunan nan yake taƙama.

Fadimatu: Zainabu ta hana ka, shi ke nan.

Hamadu: Ta hana, har ta ɓoye jan wandon. Amma in na ce matata ce ta hana, gobe sunana mijin-ta-ce daga nan har Gider.

Fadimatu: To ni me zan yi daga Maruwa? In yi wa Rostand waya in tuna masa ƙosai?

Hamadu: Ai shi ya sa na kira. Ke kika goye ni bayan rasuwar Inna, duk Hausare ta sani. Mata ba ta hana namiji a idon mutane, amma uwa tana hanawa. In kika zo da kanki kika hana, ba mai cewa tak. Har yaba mini za a yi, a ce Dorina mai biyayya.

Fadimatu: Wato in shigo mota, in sha ramukan hanya, in zo in yi maka wasan kwaikwayo.

Hamadu: Ɗan kaɗan ne! Na tsara komai. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da layinmu ya cika. Ki shigo kasuwa da faɗa tun daga bakin ƙofa. Ni ina tsaye ina cika baki, Nasrullahi na gefe. Ki ci kwalata. Ni in ce, "Adda, ki bar ni, jinina ya hau!" Ke kuma sai ki mare ni.

Fadimatu: In mare ka?

Hamadu: Na wasa. Ki buɗe tafi, ki sauke shi a kafaɗa, ki taka ƙasa da ƙarfi a daidai lokacin. Ƙarar ce mutane ke ji. Sauran aikina ne, zan juya sau biyu in zube a kan atamfofi.

Fadimatu: Da hijabina da shekaruna, yau an ɗauke ni aikin kac. Ni wane suna za a ba ni? Kadar Maruwa?

Hamadu: Ya ma dace. Sannan ki nuna ni da yatsa, ki ce in na sake shiga kejin nan ba ki yafe mini goyon da kika yi ba.

Fadimatu: A'a. Tsaya nan.

Hamadu: Ya yi nauyi? Za a iya ragewa.

Fadimatu: Ba ragewa. Amma ka sani, wannan maganar ba ta wasa ba ce. Ina da shekara sha huɗu na ɗaure ka a bayana, kana zazzaɓi, ina zagaya tsakar gida da kai ina roƙon Allah kada ya ɗauke ka ka bi Inna. Ban yi wannan don a shaƙe mini kai a kejin kaji ana kiɗa ba. In na faɗe ta ranar Juma'a, har cikin zuciyata na faɗa. Ka ji?

Hamadu: Na ji, Adda.

Fadimatu: Kuma ta haɗa da jan wandon.

Hamadu: Haba, wandon me ya yi? Kac ai ba...

Fadimatu: Za mu yi wannan maganar a gida. Ka ce wa Zainabu ta yi mini miyar yakuwa. Kuma ka tabbata Nasrullahi yana kusa.

Hamadu: Shi ba ya cikin tsarin mari fa.

Fadimatu: A tsarinka ne ba ya ciki.

Hamadu: Bon, kiredin wayata ya kusa ƙarewa, mu maimaita da sauri. Tafi a buɗe, a kafaɗa, ba a kunci ba, ki taka ƙasa...

Fadimatu: Me ka ce? Ba na ji, rezo.

Hamadu: Adda, kina ji sarai! A kafaɗa na ce!

Fadimatu: Ni ban je makarantar faɗuwa ba, Hamadu, marin gaske kaɗai na iya. Kai dai ka tsaya inda hannuna zai kai. In ka ji ya yi zafi, ga ƙasa nan, ka buga.

Hamadu: Adda! A kafa... alo? Alo?