Takalmin da Bai San Kwalta Ba

A rumfar wani tsoho mai gyaran takalma a Madaki, Gilbert ya kasa zama, sai kai-komo yake yi.

"Baba, a hanzarta don Allah. Saura sati biyu a tantance masu neman shiga soja."

Tsohon ya juya kambas ɗin. "Gefe ya yage, ƙasansa kuwa sabo fil. Ina kake atisaye?"

"Gidan motsa jiki. Wata shida ke nan, ɗaga ƙarfe, tsalle, komai da komai. Duk abin da suka kawo, jikina ya shirya."

"Gudu fa?"

"Mai ƙarfi ai gudu ba ya gagararsa."

"Samari, da gudu ake farawa, cikin rana, a kan kwalta. Ƙirji ba ya gudu."

Gilbert ya haɗe rai. "To Baba, kai ina ka sani?"

"Lokacina, ni kaɗai nake ɗora wa kaina buhun masara. Sau uku na je wannan tantancewar." Ya soka basilla. "Ga inda ƙarfin ya ajiye ni."

Da aka gama, Gilbert ya ɗaure takalmin tamau. Mai napep ya yi masa hon, ya girgiza kai, ya kama hanyar Manawashi da gudu.

Bai kai kwanar farko ba ya fara haki.