Romon Kifi a Kofin Shayi

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna a gidajenku.

Sunana Rifkatu. Waɗanda suka daɗe a majami'armu ta Diffa sun san ni: yarinyar nan mai ƙiba da ke zama a bencin baya da littafi a cinya. Fasto ya ce in tsaya gabanku in ba da shaida. Na roƙe shi ya bar ni in rubuta, domin in na tsaya gaban jama'a muryata ɓacewa take yi.

Tun ina ƙarama jikina ke da nauyi, kuma a garin nan ba wanda ya ɗauke shi ciwo. Mata kan ja kumatuna su ce wa Mama, "Saratu, kin iya kiwo!" Babana ya rasu da wuri, Mama kuma ba mai yawan magana ba ce. Duk ƙaunar da take yi mini, a kwano take zuba ta.

Da na shiga jami'a a Yamai, abin ya wuce wasa. Kafin in hau bene zuwa aji numfashina ya ƙare. Ƙafafuna suka kumbura, ciwon sukari ya shigo, jini ya hau. Na rage ci, na sha magani, ba abin da ya sake. Likita ya ce zuciyata ba za ta daɗe tana ɗaukar wannan kaya ba.

Kawuna da ke aiki a Tunis ya sa aka kai ni can, aka yi mini aiki. An rage jakar cikina da abinci ke sauka, ta koma 'yar ƙarama. Likitan ya ja mini kunne: abu mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan, ba yaji, ba mai, har ɗinkin ciki ya kama.

Na dawo Diffa jinya. Amma Mama ta ji kunyar maganar. "Ta yaya zan dubi mutanen da ke roƙon Allah abin sa wa a baki," in ji ta, "in ce an yanka 'yata don ta rage ci?" Sai ta gaya wa kowa karatu ne ya kai ni. Ni ma na yi shiru, don shiru ba ya yi mini wuya.

Muna da maƙwabciya, Ya Falmata, Babarbariya, Musulma. Mijinta Malam Modu yana noman tattasai a bakin kogin Komadugu. Tun zuwanmu unguwar, kullum da yamma kwanonta zai shigo gidanmu, namu ya tafi nata. Da ta ji na dawo sai ta ƙara girman kwanon: bandan kifin Bosso, miya jawur, mai yana yawo a kai. Ni ko ƙamshinsa ba na iyawa. Mama ce ke ci, don kada kwano ya koma a cike ya zama raini.

Na fara ramewa. Zanen da a da da ƙyar yake haɗuwa, yanzu sai na naɗa shi na ƙara naɗawa. A shekarun nan kuwa, ko yaushe ka buɗe rediyo maganar Sida, wato ciwon ƙanjamau, ake yi. Yarinya ta tafi ƙasar waje, ta dawo tana amai tana ƙarewa. Me kuke tsammani mutane suka ce?

A majami'a benci ya fara yin faɗi a gefena. Wata Lahadi na sha ruwa a randa, na juya, sai na ga wata 'yar'uwa ta ɗauke moɗar da bakin mayafinta ta ajiye ta gefe. Ba na riƙe ta a zuciya. Tsoro ne. Amma ranar na yi kuka!

Maganar ta iske Mama a kasuwa. Ta dawo ido ja. "Ki ci, Rifkatu. Don Allah ki ci a gabansu su gani."

Ana nan aka yi sunan jikan Ya Falmata. Na zauna cikin mata, aka ajiye tiren shinkafa da nama, idanu duka a kaina. Na sa hannu. Na haɗiye loma, na ƙara, na ƙara, ina murmushi. Sai wani ciwo ya murɗe ni kamar ana matse wanki. Gumi ya karyo mini, duhu ya rufe ni.

A gidan likita na farka. Dole Mama ta faɗa wa likita gaskiya. Ya ce saura ƙiris ɗinkin ya buɗe, kuma da ya buɗe, babu wanda zai iya gyara shi a nan.

Da safe aka bar ni ni kaɗai, na juya fuskata ga bango na yi addu'a. Na ce, "Ya Yesu, na gaji. Da ina da ƙiba ɓuya nake yi, yanzu na rame ina ɓuya. Ka ba ni sabon rai ta hannun likitoci, ga shi na kusa zubar da shi saboda bakin mutane. Ka buɗe mini nawa bakin."

Ban ji wata murya ba. Amma tsoron da ya danne mini ƙirji tun dawowata ya tashi. Halleluya!

Da hantsi, Mama na gefena, sai ga Ya Falmata, da ƙaton kwano a kai, hawaye a fuska. Ta zauna a bakin gadona ta kama hannuna. "'Yata, abincina ne ya yi miki haka? Faɗa mini. Ko ciwon nan ne da ake faɗi, wallahi ba zan guje ki ba."

Na dubi Mama. Ta sunkuyar da kai, ba ta hana ni ba. Na ɗaga rigata na nuna tabon, na bayyana komai daga farko.

Ya Falmata ta dubi tabon. Can sai ta tafa hannu. "Saratu! Muna cin kwano ɗaya ki ɓoye mini wannan? Wato duk kifin nan ke kike cinyewa? Shi ya sa! Na ga yarinya na ƙarewa, uwa na cika zane!"

Mama ta fashe da dariya tana kuka. Rabon da in ji dariyarta, na manta.

"To, cikin naki yanzu kamar me yake?" in ji Ya Falmata. Na nuna mata ɗan kofin shayi da ke kan tebur. Ta ɗauke shi, ta juya shi, ta girgiza kai.

Ranar da aka sallame ni, da yamma, ta shigo da kanta riƙe da kofin shayi a tafin hannu. Romon kifi ne, an tace shi tas, ba mai, ba yaji. "Ni matar mai gonar tattasai, in dafa romo fari fat! Kada Malam Modu ya ji, zai ce na taɓu." Na sha a hankali, ya zauna.

Abin da na kasa faɗa, ita ta faɗe shi a famfo, a kasuwa, a gidan biki. Duk wadda ta ɗaga gira, Ya Falmata ta ce mata, "Da idona na ga ɗinkin." 'Yar'uwar nan ta randa ta zo har gida ta nemi gafara, muka yi addu'a tare.

Ba zan ce komai ya zo da sauƙi ba. Gashina ya zube kafin ya tsiro. Akwai ranakun da har yanzu abinci ke dawowa, kuma ƙwayoyin ƙarin jini sai dai in sha su iyakar raina. Amma sukari ya sauka. Na koma jami'a, ina hawa benen nan ba tare da tsayawa ba. A hutun da ya wuce na taka da ƙafata har gonar Malam Modu, na taya su tsinkar tattasai. Yabo ga Ubangiji!

'Yan'uwa, in akwai mai ciwon da yake ɓoyewa saboda kunya, ya kai shi gaban Yesu, ya dogara gare shi. In kuma kun ga wani yana ramewa, ku matsa kusa da shi a benci. Na gode wa Ubangiji da ya raya ni, na gode masa saboda Mama, da maƙwabciyar da ya aiko mini. Yanzu ina iya cin ɗan tuwo, amma duk yammar da nake gida, kwano biyu ke shigowa daga gidan Ya Falmata: babba na Mama, da ɗan kofina a kan murfinsa.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.