Muryar da Sampu Ta Sani

Sankale: Alo? Pakiteng, kina ji na?

Nadupoi: Tsaya in ƙarasa hawa tudu, a gida waya ba ta kamawa. Wa ke magana?

Sankale: Sankale ne, ƙanin mijinki. Har kin manta muryata?

Nadupoi: Sankale. Allah ya kawo ka. Tun yaushe nake neman lambarka ba ta shiga.

Sankale: Na canza ta. Kun tashi lafiya? Ya yara?

Nadupoi: Suna nan. Ya mutanen Wasso? Ya matarka?

Sankale: Kowa ƙalau. Ya tsohuwa? Ya shanu?

Nadupoi: Waɗanne shanu? Kai kaɗai ne ba ka ji masu gadin gandun daji sun kwashe su ba? Wai sun tsallake turakun iyaka da aka kafa mana a makiyaya. Ka bar wannan. Yayanka ne ba lafiya. Ranar da aka kafa turakun suka harbe shi a cinya, yanzu ƙafar ruɓa take yi.

Sankale: Ruwa? An yi ruwa a wajenku?

Nadupoi: Ruɓa na ce. Wari take yi, yara ba sa iya kwana a ɗakin.

Sankale: Ash. Ba ku kai shi ɗakin shan magani ba?

Nadupoi: Wanda aka kulle tun bara? Awaki ke kwana a barandarsa. Babban asibiti kuma, duk wanda ya je da raunin harsashi, daga gado sai ofishin 'yan sanda. Sai dai a tsallaka iyakar ƙasa da shi zuwa asibitin Narok. Kana da a-kori-kura, Sankale. Ka zo yau.

Sankale: Za mu yi wannan maganar. Ni ma wata 'yar matsala ce ta sa na kira. Saniyar nan taki mai rodi-rodi, ya ma sunanta?

Nadupoi: Sampu? Ina ka ga Sampu?

Sankale: Ga ta nan a gabana. An yi gwanjon shanun da aka kama, na saya.

Nadupoi: Ka saya. To, Allah ya yi maka albarka. Yaushe za ka koro mana su?

Sankale: Ba ki gane ba, Pakiteng. Ni falke ne. Da ban saya ba wani zai saya.

Nadupoi: Kada ka ƙara ce mini Pakiteng. Sunan nan tsakanin wanda ya ba da saniya ne da wadda aka ba. Uwar Sampu ka ba ni ranar da na shigo gidanku, yau ka saye 'yarta a hannun waɗanda suka harbi yayanka.

Sankale: Da na ba ki, na ce ki kai ta bakin turaku? Shi ma yayan nawa, wa ya aike shi ya tsaya gaban bindiga da sanda? An ce ku tashi, an nuna muku sabon wuri, kun ce kaburburan kakanni. To ga shi nan.

Nadupoi: Ubanka ne aka binne a ƙarƙashin itacen can, ba uban wani ba.

Sankale: Shi ya huta. Ji nan, wani mai otal zai zo da yamma, saniyar tatsa yake so. Ita kuma ta riƙe nono, ko ɗigo. Ta hauri matata sau biyu.

Nadupoi: Ina maraƙinta?

Sankale: Ya mutu a garken da aka tsare su. Ƙishirwa.

Nadupoi: Ba ku feɗe fatarsa ba? Da an cusa wa fatar ciyawa an ajiye gaban uwar, da ta lasa ta saki nono.

Sankale: Kuraye sun riga mu. Matata ta ce ke kina da abin da kike rera mata in za ki tatsa. Zan kara mata waya a kunne, ki yi mata.

Nadupoi: Don wannan ka kira ni?

Sankale: Ki yi, in aiko mota.

Nadupoi: Yau?

Sankale: Me? Ba na ji sosai.

Nadupoi: Ka ji ni sarai. Yau za ka aiko? Ka rantse da nonon da kuka sha kai da shi.

Sankale: Na ce zan aiko. Ke fa kin cika dogon zance, kuɗin wayata ke tafiya. Ga ta nan, na kara mata. Yi.

Nadupoi: Sampu. Sampu tawa, 'yar rodi-rodi. Ni ce, uwar Sein. Tsaya, tsaya, mai farin goshi. Kin sha a rafi, kin dawo gida. Saki mini, uwar yara, saki mini...

Sankale: Kin ji kukanta? Ta ɗaga kai, tana neman ki bayan shinge. Ci gaba, kada ki tsaya. Kuka kike yi? Ki yi kukan daga baya.

Nadupoi: Saki mini, Sampu, yara na jira. Saki mini...

Sankale: Ta saki. Kai, ki ji yadda yake zuba a ƙwarya. Lallai saniyar nan za ta yi daraja.

Nadupoi: Mota fa? In sa a fito da shi bakin hanya?

Sankale: Yau dai da wuya. Motar ce za ta kai saniyar wurin mai otal. Kuma akwai shingen masu kaki a hanyarku, ba zan bari a ƙwace mini mota saboda mai raunin harsashi ba. Ku dafa masa saiwa da romo, mu gani bayan ranar kasuwa.

Nadupoi: Ba zai kai ranar kasuwa ba, Sankale. Jiya bai gane Sein ba. Ka ji ni da kyau: gobe da safe za ta sake riƙe nonon, mai otal zai dawo maka da ita. In ban ga mota yau ba, ko za ka kira sau ɗari ba zan buɗe baki ba.

Sankale: Ba sai kin buɗe ba. Na naɗi muryarki a waya, zan haɗa wa mai otal da ita. Ki gaida yaya.

Nadupoi: Sankale? Alo? Sankale?